Waya, Kyamara ko Madubin Likita: Wanne Ya Dace da Mai Son Gane Ƙudaje ta Hoto?

Yawancin masu ɗaukar hoton ƙwari don su san sunayensu da malam-buɗe-littafi da fara suke farawa, kuma abin yakan zo musu da sauƙi. Manya ne, launinsu a fili yake, wayar aljihu ta wadatar. Ranar da mutum ya juya kan ƙudaje ne lissafi yake canzawa. Zai ɗauki koren ƙuda a kan ɓawon mangwaro, manhaja ta ba shi suna uku mabambanta, ya kai wa masani, masanin ya ce hoton bai nuna wurin da ake dubawa ba. Daga nan tunanin sayayya yake shigowa: a ƙara wa wayar gilashi ne, ko a tara kuɗin kyamara, ko a wuce kai tsaye zuwa madubin likita?

Matsayina shi ne yawancin mutane suna gaggawar kashe kuɗi kafin su san wane sashe na jikin ƙuda ake karanta suna a kai. Wanda ya san wannan zai ci moriyar kayan dala 30 fiye da yadda wani zai ci moriyar na dala 1,000. Duk da haka akwai iyakar da kaya masu araha ba sa ƙetarewa, kuma gara mutum ya san inda take kafin ya buɗe aljihu.

Abin da za a auna da shi

Ƙudaje, har da sauro, rukuni ɗaya ne da masana ke kira Diptera. Fiffike biyu gare su, na bayan sun koma wasu 'yan sanduna masu dunƙulallen kai da suke daidaita musu tashi. Ƙudan zuma da rina da zanzaro huɗu gare su, don haka ba sa cikin rukunin. Nau'in da aka rubuta sunansa a duniya ya kai wajen 160,000, kuma kusan 20,000 daga ciki a Afirka ta kudu da Sahara suke, a cikin dangi 108. Suna yana da hawa-hawa. Ƙudan gida danginsa Muscidae, gidansa Musca, nau'insa Musca domestica. Tambaya ta farko ke nan: a wane hawa kake son ka tsaya? Gane dangi abu ne da hoto mai kyau yake bayarwa kusan kullum. Gida yana samuwa sau da yawa. Nau'i kuwa, a ƙudaje, sa'a ce.

Na biyu girman abin da kake bi. Manyan ƙudajen da ke cizon shanu da dawakai, dangin Tabanidae, sukan haura milimita 20. Ƙudan tsando tsakanin 6 zuwa 14 yake. Ƙudan gida 6 zuwa 7. Baƙin ƙudan bakin kogi, Simulium, wanda ke yaɗa cutar makanta, bai cika wuce 4 ba. Kayan da suka ishe ka a kan na farko ba za su nuna maka komai a kan na ƙarshe ba sai ɗigo.

Na uku tazara, wato nisan da ke tsakanin gilashi da ƙwaron lokacin da hoto ya fito tas. Masu talla ba su cika faɗar wannan ba, alhali a nan ake cin nasara ko a faɗi. Ƙuda ba ya zama a matso masa da waya har santimita 2, kuma ko ya zauna, inuwar wayar ta rufe shi.

Na huɗu kaurin abin da ke fitowa sarai. Duk yadda aka ƙara girma, haka wurin da ke cikin saiti yake sirancewa, sai ka ga ido ya fito amma fiffike ya dushe. Sauran ma'aunan su ne na kowace sayayya: kuɗi, ƙarko a ƙasar da ke da ƙurar hunturu da danshin damina da ɗaukewar wuta, sauƙin koyo, da haɗari. Farashi da dala zan faɗe shi, kuma kintace ne na kasuwannin intanet, saboda na naira ba ya kwana inda ya yini.

Waya ita kaɗai

Ba ta cin ko kwabo tunda tana hannu, kuma tana da wata falala da manyan kyamarori da yawa ba su da ita: tana liƙa wa hoto rana da wuri da kanta. Ga mai gane ƙwari, sanin cewa an ɗauki hoto a Zariya cikin Agusta ya rage rabin aiki.

Wayoyi masu matsakaicin kuɗi da yawa suna zuwa da wata 'yar kyamarar kusa mai megafiksel 2, wadda ke saiti a wajen santimita 4. Shawarata a manta da ita. Babbar kyamarar wayar, daga nisan taƙi ɗaya ko ƙasa da haka, a jawo hoton ninki biyu sannan a yanke gefe, ta fi ta nesa ba kusa ba. Masu tsada, irin iPhone 13 Pro ta 2021 da waɗanda suka biyo ta, suna saiti a santimita 2, hoton yana da kyau, amma matsalar tazara tana nan. Akwai kuma illar da ba a lura da ita da wuri: waya tana gyara hoto da kanta, ta goge abin da take ɗauka datti ne. A fuskar mutum wannan ado ne. A doron ƙuda kuwa gashin da ake ƙirgawa ne take shafewa.

Duk da haka abin da waya zalla za ta iya ba kaɗan ba ne. Ƙudan tsando yana ɗora fiffikensa ɗaya kan ɗaya idan ya sauka, bakinsa a miƙe gaba, kuma a tsakiyar fiffiken akwai wani gurbi mai siffar gatari da ba a samu a wani ƙuda. Waya tana nuna duk wannan. Tana bambanta sauron Anopheles, mai ɗaga gindi sama idan ya zauna a bango, da Culex mai zama a kwance, da Aedes mai farin zobe a ƙafafu. Tana nuna tagogi biyu masu haske a tumbin Hermetia illucens, baƙin ƙudan da masu kiwon kaji da kifi suke noman tsutsarsa, wanda mutane da yawa ke gudu suna zaton zanzaro ne.

Waya da gilashin maƙalawa

Nan ne kuɗi kaɗan yake sayen bambanci mai yawa. Gilashi ne da ake maƙala wa waya da ɗan matsi, ana samunsa a shagunan kayan waya na Farm Centre a Kano ko Banex a Abuja, ko a yi odarsa ta intanet. Iri biyu ne a aikace. Akwai ƙanana da ake sayarwa uku a leda ɗaya, dala 5 zuwa 10, masu saiti a santimita 1 zuwa 2, gefen hotonsu a dushe. Akwai kuma manya masu nauyi, irin na kamfanin Apexel da ake rubuta wa 100mm, wajen dala 25 zuwa 40, masu ba da tazarar santimita 4 zuwa 7. Na biyun nake nufi. Wannan 'yar tazara ita ce ke barin haske ya shiga kuma ƙuda ya zauna.

Da shi za ka ga jijiyoyin fiffike, kuma da jijiyoyin ne ake raba dangogi. Ƙudajen furanni, Syrphidae, masu kwaikwayon ƙudan zuma da rina, suna da wata jijiyar bogi da ta ratsa tsakiyar fiffike ba ta haɗu da komai ba. Gidan Eristalinus, waɗanda tsutsarsu mai dogon wutsiya take rayuwa a kwatami, idonsu yana da ɗige-ɗige ko zane, abin kallo ne sosai. Ƙudan gida yana da baƙaƙen layuka huɗu a doro. Ƙudan nama, Sarcophagidae, uku gare shi, da ciki mai zanen murabba'ai. Stomoxys, wanda ke cizon ƙafar mutum da ta dabba a kusa da turke, kamarsa ɗaya da ƙudan gida sai an dube shi ta gefe an ga tsinin bakinsa.

Wannan maganar gefe tana da muhimmanci, kuma korayen ƙudajen mahauta su ne misali mafi kyau. Daga sama duk ɗaya suke. Amma gidan Chrysomya yana da duhun layi a ƙarshen kowace gaɓar ciki, wanda Lucilia ba shi da shi. A cikin Chrysomya kuma ana duba wata ƙofar numfashi da ke gefen ƙirji, bayan kai kaɗan: fara ce a albiceps da putoria, mai duhu ce a megacephala. Hoto ɗari daga sama ba zai nuna ta ba, guda ɗaya daga gefe ya isa. Saboda haka ƙa'idar ita ce hoto uku ga kowane ƙwaro: sama, gefe, fuska. In da hali a sa wani abu mai sanannen girma a kusa, kamar rula.

Wahalar gilashin maƙalawa ita ce rawar hannu. Ba a barin wayar ta nemi saiti, kulle shi ake yi, sai a riƙa matsawa gaba da baya a hankali ana dannawa da yawa. Sanyin safiya yana taimakawa, domin ƙwari ba su da kuzari kafin rana ta yi zafi. Sauran dabarar kuwa Hausawa sun riga sun faɗe ta, ƙuda wajen kwaɗayi akan mutu: ɗigon ruwan sukari a kan ganye, ko ruɓaɓɓen mangwaro, ko kan kifi, zai zaunar maka da shi har ka gama. Wajen ƙarko, matsin roba ne ke fara karyewa, gilashin kuma yana karcewa idan aka goge ƙura da bakin riga. Asarar ba ta da yawa ko ya lalace. Kafin ka biya, ka gwada shi a wayarka, domin wayoyi masu idanu uku ko huɗu wani lokaci suna sauya ido da kansu idan an matso, sai hoton ya koma baƙi.

Ƙaramar kyamara mai jure wahala

Ina nufin Olympus TG-6 ta 2019 da magajiyarta OM System TG-7 ta 2023, wadda ta fito a kan kusan dala 550. Masu nazarin halittu a daji sun riƙe ta hannu biyu, kuma da dalili. Tana saiti tun daga santimita 1, tana shiga ruwa har mita 15, tana jure faɗuwa daga mita 2, ƙura ba ta shigarta, tana da GPS. Tana iya ɗaukar hotuna da yawa a jere, kowanne da saitinsa, ta haɗe su su zama guda mai kaifi daga kai har wutsiya, in dai ƙwaron bai motsa ba. Farantin da ke karɓar hoto a cikinta ƙarami ne, wanda a wani aikin aibi ne, a nan kuwa riba, domin yana ƙara kaurin abin da ke fitowa sarai.

Sai an haɗa ta da zoben da ke tausasa hasken filasha, FD-1, sannan take nuna kanta. Ba tare da shi ba koren ƙuda yakan fito da farin tabo a doro daidai inda ake son gani. Rauninta biyu. Mafi girman hoto yana samuwa ne idan an kusan taɓa ƙwaron, don haka ta fi dacewa da masu zama, irin tsutsa, kwarkwatar ganye, ƙwarin da suka zo fitila da dare, fiye da ƙuda mai tsalle-tsalle a rana. Na biyu, idan ta samu matsala, mai gyaranta ba ya samuwa a kowane gari. Amma a duk jerin nan ita ce hunturu ba ya yi wa komai.

Babbar kyamara da gilashin kusa

Wannan ita ce hanyar hotunan da ake gani a mujallu, inda ake ƙirga gashin ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Abu uku ake haɗawa: jikin kyamara, gilashin kusa, da filasha mai mayafi. Jiki na hannu, tsohuwar Canon ko Nikon, ya wadatar, domin gilashi da haske ne ke yin aikin. Gilashin 90mm na Tamron, 100mm na Canon, 105mm na Nikon ko Sigma, duk suna kai girman ɗaya-da-ɗaya, wato ƙuda mai milimita 7 ya faɗa kan farantin kyamara da milimita 7 ɗinsa, kuma suna barin tazarar da ta haura santimita 10. Na Laowa suna ninka wannan sau biyu, sai dai da hannu ake saita su. In aka haɗa komai na hannu, da wuya a kashe ƙasa da dala 500, sabo kuwa ya ninka.

Abin da ba a gaya wa sabon shiga shi ne, a girman ɗaya-da-ɗaya da ƙofar haske f/11, kaurin abin da ke fitowa sarai wajen milimita 1 ne kawai. Dole a matse ƙofar, matsewa tana cinye haske, shi ya sa filasha ta zama tilas ko da tsakar rana. In aka matse fiye da f/16 kuma hoton ya fara laushi gaba ɗaya. Mayafin filasha ba sai an saya ba, farar takarda mai kauri ko farar robar abinci da aka yanka tana yi. Koyon wannan yana cin watanni, kuma hotunan farko sukan fi na waya muni, abin da ke sa wasu su jefa kayan a durowa.

Ga wanda ya riga ya mallaki kyamara da dogon gilashi irin 55–200mm, akwai gajeriyar hanya da nake ganin ta fi kowace daraja kuɗinta: Raynox DCR-250, wajen dala 70 zuwa 80. Maƙala shi ake yi a bakin gilashi mai faɗin milimita 52 zuwa 67, yana saiti a kusan santimita 11, kuma kaifinsa ya wuce farashinsa. Ƙanensa DCR-150 bai kai shi ƙara girma ba, amma ya fi sauƙin riƙewa, ya fi dacewa da manyan ƙwari.

Haɗarin hanyar babbar kyamara ya fi na sauran. Sauya gilashi a fili lokacin hunturu yana shigar da ƙura, kuma a matsattsiyar ƙofar haske kowane ƙwayar ƙura tana fitowa baƙin ɗigo a hoto. Da damina funfuna tana kama gilashin da aka rufe a jaka, sai an ajiye shi a mazubi mai murfi tare da 'yan ƙunshin tsotse danshi. Kayan hannu kuma ana duba su da tocila kafin a biya, a leƙa cikin gilashin ko akwai zare-zaren funfuna. Sannan ga idon jama'a. Mutum ya durƙusa a bakin kwata da waya ba wanda zai kula, amma da babbar kyamara sai ya yi bayani, kuma kusa da shingen jami'an tsaro ko a dajin da ba a san shi ba, bayanin ba koyaushe yake karɓuwa ba.

Madubin likita

A nan an bar ɗaukar hoton mai rai, an koma kama ƙwaro a kashe shi, yawanci ta hanyar kwana a firiza. Wanda zuciyarsa ba ta yarda da wannan ba, ya tsaya a sama.

Iri biyu ake tallatawa. Akwai na USB mai kama da tocila, dala 20 zuwa 50, a jikin kwalinsa an rubuta ninki 1,000 ko 1,600. Lambar talla ce kawai, araha ba ta ado. Yana nuna jijiyar fiffike da kyau idan an shimfiɗa fiffiken, yara kuma suna jin daɗinsa, amma ƙafarsa tana rawa kuma fitilunsa suna ƙyalli a jikin ƙwaro. Na gaske shi ne mai ido biyu wanda ake duba abu a dunƙule, ninki 20 da 40 a kan dala 150 zuwa 200, ko mai zuƙowa daga 7 zuwa 45 a kan wajen dala 400. Ana ɗora idon waya a bakinsa a ɗauki hoto. Ba shi da abin lalacewa sosai, zai yi shekaru in an rufe shi daga ƙura, kuma ƙaramar fitila mai caji ta raba shi da jiran wuta.

Shi ne kaɗai ke buɗe ƙofar nau'i a dangogi da yawa. Gidan Sarcophaga, alal misali, sai an duba al'aurar namiji ake raba nau'o'insa, kuma babu kyamarar da za ta yi wannan a kan ganye. Amma shi ma yana da iyaka. Anopheles gambiae da coluzzii da arabiensis, manyan masu yaɗa zazzaɓin cizon sauro a yankinmu, siffarsu ɗaya ce ko a ƙarƙashin madubi, gwajin ƙwayar halitta a ɗakin bincike ne ke raba su. Ajiya ma aiki ce: ƙananan ƙudaje masu laushi a barasar asibiti mai ƙarfin kashi 70, masu gashi a soke su da allura su bushe, sauro kuma a bushe kawai domin ruwa yana wanke ɓawon da ake dubawa a fiffikensa. Kiyashi yana iya cinye tarin shekara a dare ɗaya in ba a sa kafur ba. A wuraren da aka killace, irin Yankari da Gashaka-Gumti, ba a kama komai sai da izini.

| Kaya | Kuɗi (dala) | Ƙaramin ƙwaron da yake nunawa da kyau | Ƙarko | Koyo | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Waya zalla | 0 | milimita 8–10 | na wayar | nan take | tana shafe gashi |
| Gilashin maƙalawa | 25–40 | 4–5 | matsakaici | kwanaki | rawar hannu, rashin dacewa da waya |
| TG-6 ko TG-7 | wajen 550 sabuwa | 2–3 | sosai | makonni | gajeriyar tazara, wahalar gyara |
| Raynox kan kyamara | 70–80 | 3–4 | sosai | makonni | sai da dogon gilashi da filasha |
| Babbar kyamara | 500 zuwa sama | 2–3 | sai da kulawa | watanni | ƙura, funfuna, idon jama'a |
| Madubin USB | 20–50 | fiffike a shimfiɗe | kaɗan | nan take | lambar talla |
| Madubi mai ido biyu | 150–400 | 1 | sosai | watanni | sai an kashe, sai an adana |

Ina za a kai hoton?

Wannan zaɓi ne na biyu, kuma kusan kyauta ne, amma a nan aka fi yin kuskure. Google Lens yana nemo hotunan da suka yi kama da naka a intanet, kuma yawancin hotunan ƙwari da ke intanet daga Turai da Amurka suke. Don haka zai ba ƙudan Katsina sunan ɗan'uwansa na Ingila ba tare da wata inda-inda ba. Manhajojin hira masu ƙirƙirarriyar basira ma haka suke, ga iya tsara bayani. ObsIdentify an gina ta ne a kan halittun Turai, BugGuide kuma na Amurka da Kanada ne kawai. Manhajojin da ke ba da gwajin kwanaki kyauta sannan su fara cirar kuɗi daga kati, ban ga abin da suka fi na kyauta da shi ba.

Wadda nake ba da shawara ita ce iNaturalist. Ta fara ne a 2008 a matsayin aikin ɗaliban digiri na biyu a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ta zama ƙungiya mai zaman kanta a 2023. Ita ma tana da na'urar hasashe, wadda ba ta sanin nau'i sai an tara masa hotuna wajen 100, sharaɗin da yawancin ƙudajen Afirka ta Yamma ba su cika ba. Amfaninta mutane ne. Masana na gaske suna bi suna gyara suna, kuma idan fiye da kashi biyu cikin uku na masu dubawa suka yarda a kan nau'i, bayanin yana wucewa GBIF, rumbun bayanan halittu na duniya, inda masu bincike ke ɗauka. Dabarar ita ce kada ka karɓi sunan nau'in da na'ura ta ba ka. Ka sa dangin da ka tabbatar, ko Diptera kawai, ka bar masu abin su sauko da shi. Yana iya ɗaukar kwana biyu, yana iya ɗaukar shekara. Ana ɗaukar hoto ba data a ɗora daga baya, kuma hoton da aka ɗauka a gida ana iya ɓoye ainihin wurinsa. Ƙanwarta Seek ba ta buƙatar rajista kuma tana aiki ba intanet, ta dace da yara, sai dai ba mutumin da ke duba bayanta.

Mai madubi kuwa ba shi da makawa sai littafin mabuɗi, wato mai bi da kai siffa bayan siffa har ka kai ga suna. Manual of Afrotropical Diptera, wanda cibiyar SANBI ta Afirka ta Kudu ta fara fitarwa a 2017, ana sauke shi kyauta, da Turanci ne mai nauyi, amma zanen fiffikensa kaɗai ya isa dalilin sauke shi. A gida kuma akwai ɗakin adana ƙwari na sashen kare amfanin gona a Samaru, Jami'ar Ahmadu Bello, da cibiyar binciken ƙudan tsando da sammore, NITR, a Kaduna.

Wa ya dace da me

Mai sha'awa da ke farawa, ko malamin makaranta da ke son ɗalibai su san ƙwarin harabarsu: gilashin maƙalawa mai tazara da iNaturalist. Ya yi damina guda cur da su kafin ya sake sayen komai, domin a lokacin ne zai san ko manyan ƙwari ne ke jan hankalinsa ko ƙanana.

Mai lambun mangwaro ko gwaiba ma wannan ya ishe shi. Abin da yake son sani shi ne ko ƙudan da ke ɓata masa 'ya'yan itace Bactrocera dorsalis ce, baƙuwar da aka fara gani a Afirka a Kenya a 2003, mai fiffike garau da duhun layi a gefe da baƙin zane mai siffar T a ciki, ko kuwa Ceratitis cosyra ta gida mai fiffike zane-zane. Ƙudan da ya faɗa tarko ba ya motsi, don haka matsalar rawar hannu ta ragu.

Mai aikin dabbobi ko malamin gona da ke yawo a fadama da bakin rafi, cikin ruwa da ƙura: TG-6 ta hannu ko TG-7 da zobenta. Mai kyamara tun asali: Raynox da filasha, ya bar maganar gilashin kusa sai ya ga ya ƙure wannan. Wanda burinsa hoto mai kyau na bugawa ko baje koli, shi ne kaɗai nake ganin babbar kyamara ta zama masa dole.

Ɗalibin jami'a mai aikin bincike a kan wani dangi: madubi mai ido biyu kafin kyamara, domin mai duba aikinsa samfur zai nema. In sashensu yana da madubin, kuɗinsa ya tafi kan allurai da akwatin ajiya da gilashin maƙalawa.

Ma'aikacin lafiya kuwa hoto ya zama masa matakin farko kawai. Ƙudan tumbu, Cordylobia anthropophaga, wanda tsutsarsa ke shiga fata daga tufafin da aka shanya a ƙasa, yana da 'yan'uwa masu launin ƙasa-ƙasa irinsa a gidajen Auchmeromyia da Bengalia, kuma hoton waya yana rikita su. Haka sauron Anopheles stephensi, ɗan Asiya mai hayayyafa a tankunan ruwa na birni, wanda aka gano a Jihar Gombe a 2020. Duk wanda ya yi zargin ya ga ɗayansu, ya ɗauki hotonsa uku, ya sa ƙwaron a busasshiyar kwalba, ya rubuta rana da wuri da fensir a 'yar takarda ya jefa ciki, ya kai sashen nazarin ƙwari na jami'a mafi kusa ko ofishin yaƙi da zazzaɓin cizon sauro na jiharsa.